Tun Ran Gini Ran Zane: Yadda Ake Zana Taswirar Rumbun Bayanai Kafin A Taɓa Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa shiga layin teloli a Kasuwar Barci ta Kaduna cikin goman ƙarshe na azumi ya san littafin nan mai kauri da ke ajiye a gefen teburin yanka. A shafi ɗaya za ka ga sunan mai kaya, da awonsa, da ƙyallen shaddarsa an soke da allura, da abin da ya bayar, da ranar da aka sa masa. Littafin yana aikinsa lafiya lau, sai ranar da wani ya zo ya ce sau biyu ya ba da kafin alƙalami, ko a ɗinka wa yaro wando a tarar da awon bara aka yanka. A irin wannan rana ce maigidan shago ke kiran wani ɗan unguwa da ke karatun kwamfuta a Poli ko KASU, ya ce masa, "Ɗana, ka mayar mana da littafin nan cikin na'ura."

Abin da yawancinmu muke yi shi ne mu buɗe manhajar ajiye bayanai irin MySQL ko Access a daren nan mu hau ƙirƙirar tebura. Ni ma haka na fara. Na yi wa wani shago tebur guda ɗaya tak, na zuba masa duk abin da na gani a shafin littafi, kuma kafin a yi wata biyu dole ta sa na rushe shi, bayan mutanen shagon sun sha wahalar shigar da bayanai. Tela ba ya sa almakashi sai ya gwada ya ja alli. Zanen rumbun bayanai shi ne allin namu.

Irin rumbun da muke magana a kai shi ne mai alaƙa, wanda Edgar Codd na kamfanin IBM ya kawo tunaninsa a 1970: a ajiye bayanai cikin tebura, kowane tebur da sahu-sahu a kwance da gurabe a tsaye, tebura kuma su san juna ta hanyar lambobi. A 1976 Peter Chen ya fito da hanyar zana abubuwa da alaƙar da ke tsakaninsu, wadda za ka gani a takardun makaranta an taƙaita ta da ERD. Ba ka buƙatar komai don farawa sai farar takarda babba, da fensir, da magogi. Fensir na ce, ba biro ba, don za ka goge sau da yawa.

Mataki na farko: saurari maigida

Ka je shagon da safe kafin a tayar da janareto. Ka nemi izini ka duba shafi ashirin ko talatin na littafin, tsofaffi da sababbi, har da waɗanda aka yi wa soke-soke, domin a nan matsalolin gaskiya suke ɓuya. Sannan ka roƙi maigidan ya ba ka labarin aiki guda, daga shigowarsa shago har fitarsa, kana rubutawa yadda ya faɗa. Ga irin abin da za ka ji:

"Mutum zai kawo yadi, wani lokaci nasa shi kaɗai, wani lokaci har da na 'ya'yansa. Mu gwada kowa. A yi ciniki, ya ba da kafin alƙalami, mu sa masa rana. Ni nake yankawa, yara su ɗinka, in akwai surfani a kai wa mai surfani. Ran karɓa ya ciko kuɗi, wani kuma sai ya biya sau uku."

Ka ja layi ƙarƙashin sunayen abubuwa, ka zagaye aikatau. Sunayen su ne za su iya zama akwatuna a zanenka, aikatau kuma su ne zaruruwan da za su haɗa su.

Mataki na biyu: wane ne ya cancanci akwati

Ba kowane suna ne ke samun akwati ba. Tambayoyi biyu nake yi wa kowanne: ana iya ƙirga shi ɗaya, biyu, uku? Kuma yana da bayanai nasa na kansa da za mu so mu ajiye? Rana ba ta ci wannan jarrabawa ba, sifa ce ta wani abu. Yadi ma a wannan shago sifa ce kawai, tunda mai kaya ne ke zuwa da abinsa, amma da shagon yana sayar da shadda da atamfa, da ya zama akwati mai zaman kansa. Shagon shi kansa ba ya buƙatar akwati, sai fa in maigida ya buɗe reshe a Kawo ko Barnawa. Yara masu ɗinki da mai surfani da mai guga da shi maigidan, duk akwati ɗaya ya ishe su, a kira shi ma'aikaci.

Inda nake so ka tsaya ka yi tunani sosai shi ne kan mutum da 'ya'yansa. Littafin takarda yana haɗa mai biya da mai sawa a shafi ɗaya, ido kuma ya saba da haka, har ka ɗauka mutum ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Alhaji ya kawo shadda, shi zai biya, amma kaftani uku na yaransa ne, babbar riga ɗaya ce tasa. Awo na mai sawa ne, bashi na mai biya ne. In ka cakuɗa su, ranar da ka nemi awon autan gidan sai na'ura ta miƙo maka na babansa.

Hanya biyu ce a gabanka. Ko ka yi akwati biyu, na kwastoma da na mai sawa, ko ka yi akwati ɗaya mai suna mutum, kowa ya shiga ciki, matsayinsa kuma ya fito daga zaren da ya haɗa shi da sauran akwatuna. Ni na fi son ta biyu. Yaron da babansa ke kawo wa ɗinki yau, nan da 'yan shekaru shi zai shigo da ledar yadinsa da kuɗinsa, kuma bai kamata a sake rubuta shi a wani wuri kamar baƙo ba. Haka Alhajin da yake mai biya kuma mai sawa, sau ɗaya za a rubuta sunansa.

Zuwa nan kana da akwati bakwai: mutum, awo, oda, kaya, iri, biya, da ma'aikaci. Oda ita ce zuwa guda da aka yi ciniki guda aka sa rana guda. Kaya shi ne kowane abin sawa ɗaya-ɗaya da ke cikin odar. Iri shi ne jerin abin da shagon ke ɗinkawa, kamar kaftani, jamfa, babbar riga, 'yar ciki da wando. Ka zana su da tazara a tsakani, suna a sama, kuma ka bar fili, don akwai akwati na takwas da zai fito da kansa.

Mataki na uku: sifofi da mabuɗai

A cikin kowane akwati ka jera abin da za a ajiye. Mutum: suna, waya, unguwa. Awo: rana, tsawon riga, kafaɗa, hannu, ƙirji, wuya, tsawon wando, ƙugu. Oda: ranar kawowa da ranar alkawari. Kaya: bayanin yadi, farashi, da matsayi, wato an yanka, ana ɗinki, an gama, ko an karɓa. Iri: suna da farashin yau. Biya: adadi, rana, da hanya, ko tsaba ko taransifa ko POS. Ma'aikaci: suna da waya.

Ka lura awo yana da rana. Wannan gurbi ɗaya shi ne maganin wandon da aka yanka da awon bara. Ba a goge tsohon awo a rubuta sabo a kansa, sabon sahu ake ƙarawa.

Sai babban mabuɗi, wanda manhajoji ke yi wa alamar PK. Shi ne gurbin da ke bambanta sahu da duk sauran sahu, ba ya maimaituwa, ba a barinsa fanko, ba ya kuma canzawa. Suna ba zai yi ba. Ka tuna yawan masu suna Abubakar Muhammad da ke Tudun Wada kaɗai. Lambar waya ma ba za ta yi ba, ko da yake ita ce kowa ke fara kawowa: yara ba su da waya, gida guda kan yi amfani da layi ɗaya, layi kuma yana ɓata a sake wani. Lambar NIN ba ta maimaituwa, amma tela ba shi da hujjar karɓarta, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane, wadda ke son a karɓi abin da aiki ke buƙata kawai. Saboda haka ka ba kowane akwati gurbi na farko mai suna lamba, wadda na'ura za ta riƙa ƙirgawa da kanta, 1, 2, 3, ka ja mata layi a ƙasa.

A gefen kowace sifa ka rubuta nau'inta da ƙananan baƙaƙe. Guda biyu ne ke yawan kayar da mutane a nan. Lambar waya rubutu ce, VARCHAR, ba adadi ba. Lambobinmu guda 11 ne kuma da sifili suke farawa, in ka ajiye su a matsayin adadi sifilin zai gudu, kamar yadda yake yi a Excel. Kuɗi kuma nau'in adadi mai suna DECIMAL ake ba su, ba nau'in FLOAT ba, domin FLOAT kintace yake yi, lissafin kuɗin mutane kuwa ba a yi masa kintace.

Mataki na huɗu: ja zaruruwa, ka karanta su da baki

Wannan shi ne zuciyar aikin. Akwai salon alamomi kala-kala, amma wanda ya fi yawa a manhajoji shi ne wanda ake kira ƙafar hankaka, ko da yake ya fi kama da sawun kaza a tsakar gida. Alamomi uku ne kawai. Yatsu uku a bakin zare suna nufin da yawa. Ɗan gajeren sanda a gicciye yana nufin ɗaya. Ɗan da'ira yana nufin za a iya rasawa baki ɗaya. Kowane bakin zare yana ɗaukar alama biyu: wadda ta ɗan nisanci akwati tana faɗin mafi ƙaranci, wadda ke jikin akwati tana faɗin mafi yawa.

Kowane zare jimla biyu ne, ɗaya daga hagu, ɗaya daga dama, kuma sai ka furta duka biyun. Ɗauki mutum da oda. Mutum ɗaya yana iya kawo oda da yawa, yana kuma iya zama bai taɓa kawo ko ɗaya ba, kamar yaron da gwada shi kawai aka yi. Don haka bakin da ke wajen oda zai sami da'ira da yatsu uku. Daga ɗaya ɓangaren, kowace oda tana da mai biya ɗaya, dole. Bakin da ke wajen mutum zai sami sanda biyu.

Haka za ka bi sauran. Mutum ɗaya, awo da yawa. Oda ɗaya, kaya ɗaya ko fiye, domin odar da ba kaya a cikinta ba oda ba ce. Oda ɗaya, biya da yawa, ko babu ko ɗaya in wanda aka yarda da shi ne. Iri ɗaya, kaya da yawa. Awo ɗaya, kaya da yawa, tunda da gwaji guda ana iya ɗinka wa mutum kala uku. Ka ga kaya bai haɗu da mutum kai tsaye ba, ta awo ya bi. Ta nan za a san mai sawa, ta oda kuma a san mai biya.

Duk inda zare ya ƙare da yatsu uku, akwatin da ke wannan gefen shi ke ɗaukar baƙon mabuɗi, mai alamar FK, wato lambar ɗaya akwatin da ta zo baƙunta. Oda za ta sami lambar mai biya. Awo zai sami lambar mutum. Biya zai sami lambar oda. Kaya zai sami uku: lambar oda, lambar awo, lambar iri. Ɗa ne ke ɗaukar sunan uba, uba ba ya jera sunayen 'ya'ya a bayan nasa. In ka riƙe wannan, ba za ka taɓa sa baƙon mabuɗi a gefen da ba nasa ba.

Yanzu ka koma shago da takardar. Kada ka nuna wa maigida alamomi, karanta masa jimlolin. "Baba, kowace oda mutum ɗaya ne ke biyanta, haka ne?" Yana iya cewa haka ne, yana iya cewa, "Ankon biki fa? Kowa nasa yake biya." Ka ga magana ta fito. Sai ku yanke shawara tare: ko a buɗe wa kowane mai anko odarsa, wanda shi ne mafi sauƙi, ko a ƙara lambar mutum a cikin biya. Minti biyu da magogi sun gyara abin da zai ci maka mako guda in da tebura sun riga sun cika.

Mataki na biyar: zare mai yatsu a baki biyu

Saura kaya da ma'aikaci. Ma'aikaci ɗaya yana taɓa kaya da yawa, kaya ɗaya kuma yana bi ta hannun mai yanka da mai ɗinki da mai surfani da mai guga. Yatsu ta ko'ina. Tebura ba sa iya riƙe wannan kai tsaye, domin ba gefen da zai ɗauki baƙon mabuɗi shi kaɗai. Sai ka goge zaren, ka sa sabon akwati a tsakiya, ka kira shi rabo. Kaya ɗaya, rabo da yawa. Ma'aikaci ɗaya, rabo da yawa. A cikinsa akwai lambar kaya da lambar ma'aikaci.

Da zarar ka zana shi za ka ga ashe yana da kayan kansa: wane aiki aka yi, yanka ko ɗinki ko surfani, a wace rana, kuma nawa ne ladan. Waɗannan bayanai ba na kaya ba ne, ba kuma na ma'aikaci ba ne, na haɗuwarsu ne. Daga wannan akwati ne maigida zai san abin da zai sallami kowane yaro da shi a ƙarshen mako ba tare da musu ba, kuma in wuyan riga ya karkace a san hannun da ya bi.

Mataki na shida: tankaɗe

Masana suna da ƙa'idojin tsaftace tebura daki-daki, ukun farko kuma tun daga Codd suke. Ga yadda nake bin su a aikace.

Na farko, gurbi ɗaya abu ɗaya, kuma ban da gurabe masu jerin lamba. In ka ga kanka kana rubuta biya1, biya2, biya3 a cikin oda, ka tsaya, domin gobe mai biya sau huɗu zai zo. Shi ya sa biya ya sami akwatinsa. Na biyu da na uku kusan tambaya ɗaya suke yi: wannan bayani na wannan akwati ne da gaske, ko na maƙwabcinsa ne? Wayar ma'aikaci ba ta da wurin zama a rabo. Unguwar Alhaji ba ta da wurin zama a oda. In ka rubuta ta a oda goma, ya tashi daga Rigasa ya koma Malali, sai ka gyara wuri goma, kuma za ka manta da ɗaya.

Akwai wurin da ɗalibai ke wuce gona da iri, kuma ina so a kula da shi. Sukan ga farashi a iri, su ga farashi a kaya, su ce maimaici ne, su goge na kaya. Ba maimaici ba ne. Na iri shi ne kuɗin ɗinki a yau, na kaya shi ne abin da aka yi ciniki a kai ran da aka kawo aikin, har da ragin da aka yi wa ɗan unguwa. In ka goge shi, duk ranar da maigida ya ƙara kuɗin kaftani, tsofaffin ododi za su hau tare da shi, a wayi gari ana bin mutanen da suka gama biya tuntuni.

Ciko kuwa ba a ajiye shi ko kaɗan, lissafa shi ake yi. A ce kaftani uku a naira 8,000 kowanne, babbar riga a 25,000, jimla 49,000. An ba da kafin alƙalami 20,000, daga baya aka turo 15,000. Ciko 14,000 ne, kuma na'ura za ta fitar da shi duk lokacin da aka tambaya, daga sahun kaya huɗu da sahun biya biyu. In ka yi masa gurbi, wata rana za a shigar da biya a manta a rage shi, sai rumbun ya faɗi magana biyu.

Mataki na bakwai: gwada shi da shafukan gaske

Ka ɗauki shafi biyar mafi rikici a littafin, ka zana ƙananan tebura a takarda, ka shigar da su da hannu. Duk bayanin da ya rasa wurin zama, ko wanda ka rubuta sau biyu, yana nuna maka rami. Sannan ka tambayi maigida tambayoyin da ya fi son amsarsu, ka bi zaruruwa da yatsa ka ga ko hanya ta kai. Wane kaya ne alkawarinsa ya cika jajibirin sallah kuma ba a yanka ba? Daga oda zuwa kaya. Wa ake bi bashi? Daga mutum zuwa oda, sannan kaya da biya. Mene ne awon yaron nan na ƙarshe? Daga mutum zuwa awo, a ɗauki rana mafi kusa.

Ka kuma yi tambayar gogewa a kan kowane zare. In yaron shago ya bar aiki aka goge sunansa, me zai faru da sahunsa na rabo? Shawarata ita ce kada a goge shi, a ƙara wa ma'aikaci gurbin da ke nuna ko yana aiki ko ya bari, sannan a sa rumbun ya ƙi goge duk sahun da wasu suka dogara da shi. Ka rubuta wannan hukunci a jikin zaren tun yanzu.

Mataki na takwas: sai yanzu kwamfuta

In zane ya tsaya, ka mayar da shi na'ura. Manhajar draw.io kyauta ce, tana da alamomin ƙafar hankaka, kuma akwai wadda ake saukewa a yi aiki da ita ba intanet. A dbdiagram.io rubuta tebura kake yi, shi ya zana maka. MySQL Workbench yana iya ƙirƙirar tebura kai tsaye daga zane, yana kuma iya zana maka rumbun da ka gada daga wani. Mai amfani da PostgreSQL, wata manhajar rumbu irin MySQL, zai sami irin wannan a cikin pgAdmin 4.

Sunayen tebura da gurabe ka rubuta su da ƙananan baƙaƙe, ba tazara, ba baƙaƙe masu lanƙwasa, misali maaikaci da ranar_alkawari. Amma bayanan da ke ciki a bar su da Hausarsu: ka zaɓi UTF-8, wato utf8mb4 a MySQL, don ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai. Ka kuma gwada shigar da sunaye irin Mu'azu da Sa'adatu tun ranar farko, domin 'yar alamar nan (') da ke tsakiyarsu tana karya manhajar da aka rubuta da sakaci.

Ka sa kwanan wata a kan zanen, ka buga kwafi biyu, ɗaya naka ɗaya na shago. Ba za a daɗe ba maigida zai kira ka ya ce, "Ɗana, wani ya aiko ƙaninsa ya karɓi riga ɗaya ya bar uku, yanzu yana cewa bai gani ba. Ina za mu rubuta wanda ya karɓa?" Ka ɗauko takardar ka duba kafin ka amsa. Tunda ɗaya-ɗaya ake iya karɓa, wurinsa akwatin kaya ne, ba oda ba: gurbi biyu, sunan mai karɓa da ranar karɓa. Ka fara ƙara su da fensir, ka sake kwanan watan, sannan ka buɗe kwamfuta.